Kwanon Ruwan Uwar Dasom

"Baba, ruwa ne fa... ruwa kawai."

Haka 'yata Dasom ta ce da ni, tana tsaye a ƙofar kicin, hannunta duk man suya. Na ɗauke kwanon daga gaban hoton uwarta, na fita da shi, na juye a magudana. Da na dawo, saurayinta Kitae yana nan durƙushe a gefen tebur, kansa a ƙasa.

Ranar tunawa da rasuwar uwar Dasom ce. Tun safe ake aiki. An soya kifi, an dafa shinkafa da miya, an jera 'ya'yan itace yadda aka saba, an bar ƙofa a buɗe domin ruhin marigayiya ya shigo. Ƙanwata Malsun ce ta nace a kira yaron. Ta ce tunda maganar aure ta taso, gara ya zo ya gai da surukarsa ko da a hoto ne. Na yarda, ba don ina so ba.

A al'adarmu kowa ya san idan mamaci ya gama cin abincin da aka ajiye masa, ana ɗauke miya a ajiye masa kwanon ruwa. Dasom tana fama da kasko, sai ta aiki Kitae ya cika kwanon. Daga inda nake na ji ƙarar murfin roba ya yi ƙas. Kunnena bai mutu ba tukuna.

Gidanmu yana can saman tudu, sama da tashar jiragen ruwa ta Busan, inda na yi dako har ƙarfina ya ƙare. Tun ranar da na kawo uwar Dasom gidan nan, kullum asuba sai ta tari ruwan famfo a babbar butar nan mai ruwan ɗorawa, ta zuba soyayyen sha'ir, ta tafasa. Shi muka sha. Shi Dasom ta sha ta girma. Shi na ɗiga wa matar a baki da cokali a kwanakinta na ƙarshe. Butar tana nan cike a kan murhu, yaron ya wuce ta, ya buɗe jakarsa, ya ciro ruwan gora.

Ba ranar na fara lura da shi ba. Zuwansa na farko Dasom ta zuba masa ruwan sha'ir, ya karɓa da hannu biyu, ya taɓa leɓe ya ajiye. Da zai tafi kofin yana nan cike. Bayan mako guda sai ga masu kai kaya sun jibge mana ɗaurin ruwan gora a ƙofar gida, wai kyauta daga wajensa. Maƙwabta suna wucewa suna leƙe. Tsohuwar da ke ƙasa da mu har ta tambaye ni ko famfonmu ya lalace ne. Na sa aka mayar. Na yi shiru a kan wannan. Amma kwanon uwar Dasom daban ne.

Yaron ya yi bayani. Ya ce musamman ya sayo shi, ruwan tsibiri ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin dutse, babu wanda ya fi shi tsabta. Ya ce a gidansu haka aka tashe shi, uwarsa ba ta taɓa bari ya sha na famfo ba, ko an tafasa. Yana so ne ya ba wa marigayiya abin da ya fi kyau.

Na ce, "Wato duk zaman da muka yi, ƙazanta nake shayar da matata."

"A'a Baba, ba haka nake nufi ba..."

"Ɗauki jakarka."

Malsun ta tafa hannu. "Yaya, kai da ka sha ruwan kududdufi lokacin yunwa, yau kai ne mai zaɓen ruwa? Matarka ta tafi inda ba a jin ƙishi. 'Yarka ce a raye."

Na ce mata idan ta gama ta kwashe kwanuka.

Dasom ta raka shi. Tagar ɗakina tana kallon matakalar da ake sauka tudun, kuma mutanen yanzu ba su iya rage murya ba. Na ji yana roƙonta ta bari ya dawo ya sake ba ni haƙuri.

"Dasom, rabin raina, ko sau nawa ne zan durƙusa..."

"Kar ka dawo, Kitae."

"To mu yi auren, daga baya zai huce."

"Ba ka san shi ba. Kuma in na tafi, wa zai tashi da asuba saboda shi? Na gaji... Na gaji da tsayuwa a tsakaninku, kowa yana ja."

"Ni ban ja ki ba."

"Na sani. Shi ya sa kai zan saki."

Ya daɗe a tsaye bayan ta shigo. Daga baya na ji saukarsa, a hankali, kamar mai ɗauke da buhu.

Na zaci za ta yi min faɗa. Da uwarta ce, da ta yi. Da ta buga murfin tukunya, ta kira ni kan dutse, ta ƙi yi min magana kwana biyu, a na uku ta ajiye min abinci da ƙarfi har miya ta fantsama. Dasom ba ta yi ko ɗaya ba. Ta wanke kwanuka, ta goge tebur, ta ce min sai da safe.

Haka sanyi ya shigo ya same mu. Tana tashi da asuba ta ɗora buta, ta ajiye min abinci, ta sauka zuwa gidan renon yara inda take aiki. Yini take tana ɗaga 'ya'yan wasu tana share musu hanci. Da yamma ta hauro da ledar cefane, ta tsaya a tsakiyar matakala ta huta, abin da ba ta yi a da. Muna cin abinci talabijin na magana a madadinmu. Idan na ce miya ta yi gishiri, sai ta ce to Baba. Idan na ce babu gishiri, to Baba.

Malsun ta daina zuwa. Idan ta kira a waya, Dasom take nema. Sau ɗaya na ɗauka, ta ce min ashe ina nan da rai, ta zaci na shiga butar na rufe.

Wata safiya ƙarar buta ta tashe ni. Ta yi ta tafasa tana zuba a kan wuta, babu wanda ya sauke. Na fito. Dasom tana tsaye a gaban murhu, goshinta jingine da kabad, barci take a tsaye. Na taɓa ganin haka a tashar jirgi, maza masu kwana biyu ba su runtsa ba. Na kashe wutar. A nan na ga gashinta da kyau. Furfura ce a gefen kunnenta na hagu, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ta farka a firgice. "Yi haƙuri Baba, yanzu zan sake ɗorawa."

Na ce ta bari.

"Minti kaɗan ne..."

"Na ce ki bari."

Ta dube ni kamar yadda 'yar aiki ke duban maigida, tana jiran a gaya mata laifinta. Ba wannan na haifa ba. Wadda na haifa ta taɓa cizon hannuna saboda na hana ta bin ƙawayenta bakin teku.

Bayan ta tafi aiki na zauna da tabarauna a hannu. Na san yaron yana da shagon tabarau a cikin gari. Na lanƙwasa ƙafar tabaran har ta karye. Sannan na kira Malsun na ce ta kwatanta min shagon, tabarauna ya karye.

"Duk masu gyaran tabarau na unguwarku sun mutu ne, Yaya?"

"Za ki faɗa ko in kashe?"

Ta faɗa, tana dariya har da tari.

Sauka ta fi hawa wahala ga mai irin gwiwata. Na hau bas, na wuce wurin sauka, na dawo da ƙafa. Kafin in kai shagon maƙogwarona ya bushe ƙamas.

Ƙaramin shago ne, fes da shi. Kitae yana ganina ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya rame. Ya sunkuya ya gaishe ni, ya sake sunkuyawa. Na ajiye tabaran a kan kanta na ce a gyara. Ya juya shi a hannu, ya dubi inda ya karye, ya dube ni. Ya gane ni na karya shi, amma ya rufa min asiri, na kuwa yaba masa. Ya ja min kujera, ya zauna aikinsa.

Sai tari ya kama ni, irin wanda ba ya tsayawa. Ya tashi da sauri, ya buɗe ƙaramin firij, ya miƙa hannu, sai ya tsaya cak. Babu komai a ciki sai gororin nan a jere.

"Baba... ba ni da wani sai wannan. Bari in ruga gidan abincin nan na gaba, suna da na sha'ir."

"Kawo."

Ya kawo da hannu biyu. Na kama murfin na murɗa. Ya ƙi. Na sake murɗawa. Hannun nan da ya sauke buhunan siminti daga jirgi, yau murfin roba ya gagare shi. Yaron bai fizge ba, bai kuma kau da kai ba. Ya jira har na gaji don kaina. Sannan ya durƙusa a gabana, ya riƙe gindin gorar kawai, ya ce in sake gwadawa, wani lokacin santsi ne. Na murɗa. Ya buɗu.

Na sha. Na sha fiye da rabi.

Na ce, "Ba shi da ɗanɗano."

"Haka ne, Baba."

"To me kake ji a ciki?"

"Sabo ne kawai."

Ya koma ya ƙarasa gyaran, ya goge gilashin, ya sa min a fuska da kansa, yana gyara zamansa a bayan kunne. Na tambaye shi ko iyayensa sun nemo masa wata. Ya ce sun kawo hotuna, bai duba ba.

Na ce, "Ba yarinya ba ce yanzu. Ta yi furfura."

"Na sani, Baba. Gefen hagu, kusa da kunne. Tun bara take ɓoye ta a ƙarƙashin gashi, wai kar ka gani ka damu."

Tun bara. Ni da muke cin abinci a tebur ɗaya.

Na miƙe. Na ce ranar Lahadi ya zo da iyayensa, kuma ya gaya wa uwarsa ta zo da abin shanta idan tana so, babu mai hana ta. Amma ranar tunawa da uwar Dasom, daga buta za a cika kwano, ko ina raye ko ba na nan. Ya ce ya ji. Idonsa ya kawo ruwa, na fita kafin ya zubo.

Da yamma na jira Dasom a inda take tsayawa hutu a matakala. Ta tsorata da ta gan ni a waje, ta zaci wani abu ya faru. Na gaya mata inda na je da abin da na ce. Ba ta yi murna ba. Ta ajiye ledar cefane, ta zauna a kan dutsen mai sanyi, ta daɗe tana kallon fitilun tashar jirgi.

"Da ka bari, Baba... na riga na fara sabawa."

"Abin da ba na so ke nan."

"Kai fa? Wa zai duba ka?"

"Goggonki tana da baki, tana da ƙafa. Kuma kunna murhu ba karatun boko ba ne."

"Za ka manta da maganinka."

"Sai ki kira ki yi min faɗa."

A nan ta fashe. Ta kifa kai a gwiwata, mai ciwon ma, ta yi ta kuka kamar ranar da muka dawo daga binne uwarta. Na bar ta. Da ta lafa na ce ta tashi, kifin da ta sayo zai lalace.

An yi auren da bazara, a wani zauren biki a cikin gari. Malsun ta sa ni cikin kwat da ta matse min wuya. Uwar Kitae ta gaishe ni da ladabi, na amsa da ladabi. Aka kunna kiɗa, aka buɗe ƙofa, aka ce uban amarya ya kai ta.

Dasom ta riƙe hannuna da ƙarfi. Yaron yana can ƙarshen hanya a tsaye, yana ta murza yatsu. Mun yi 'yan taku sai na ji tana jan ƙafa.

"Baba, a hankali... gwiwarka."

"Gwiwata ƙalau take. Ke ce kike nawa. Ɗaga ƙafa, yaron nan ya daɗe yana jira."

Ta kuwa ɗaga. Ni ne na rage a baya.