Inci Biyun da Umma Ta Rage

Keken ɗinki ya yi shiru a falo, Umma ta zare tef daga wuyanta ta yafito 'yarta. Kumatu ta miƙe ta ɗaga hannaye ta riƙe numfashi, kamar yadda take yi duk Asabar tun da aka sa mata rana.

"Saura inci biyu," in ji Umma. "Da gangan na yanka rigar bikin a matse, don ki san inda kika dosa. Ba za a ce 'yar tela ta fito kamar buhu ba."

Kumatu ta yi dariya, don ta saba. Tun tana rarrafe ake kiranta da sunan nan, har malaman makaranta suka ɗauka. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun tana shekara goma sha biyar take wuni da ruwan shayi kawai, wai dayat take yi don ta rage ƙiba. Yunwa kuwa ba kanwar lasa ba ce. Da Umma ta fita shago da la'asar sai ta faɗa kicin – burodi, biskit, shinkafar jiya da sanyinta, tana turawa a tsaye ba ta ko jin ɗanɗano. In cikin ya ɗauka sai tsoro da kunya su rufe ta, ta shige banɗaki ta buɗe famfo, ta zura yatsa a maƙogwaro. Kullum takan rantse wannan ne na ƙarshe.

Wanda zai aure ta likitan haƙori ne, kowa Dokta yake ce masa, kuma yana sonta kamar ransa. Ranar da ta je ya duba mata haƙorin da ke tsami, ya haska fitila ya ga bayan haƙoran duk sun zaizaye. Ya dubi kantar da ke bayan yatsunta, ya ajiye madubin a hankali.

"Tun yaushe kike sa kanki amai?"

Ta fashe da kuka. Ya bari ta yi mai isarta, sannan ya gaya mata cuta ce, bulimiya ake kiranta, kuma tana da magani. Ya ce tsoron ƙiba ne ke sa mutum horon yunwa, yunwar ta jawo cin da ba linzami, kunya ta jawo aman, gobe a sake. Damuwa da gori su ne itacen wutar. Ta roƙe shi don Allah kada kowa ya ji.

To, rana dubu ta ɓarawo. Wata la'asar mahaifiyar Dokta ta zo kawo yadi ba sanarwa, ta tarar da ƙofa a buɗe, ta jiyo kakarin amai. Budurwa, amai, saura wata biyu biki – ai lissafin bai yi mata wuya ba. Kafin magariba dangi sun gama ji wai Kumatu ciki gare ta.

Aka je asibiti, gwaji ya wanke ta. Don ya rufe bakin mutane, Dokta ya faɗi gaskiya a gaban iyaye, ya ce likitan ƙwaƙwalwa take bukata, shi zai riƙa kai ta. Ashe nan ya ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

"Likitan ƙwaƙwalwa? Gara ma cikin, ana haifewa a huta," in ji mahaifiyarsa. "In ka auro min mai taɓin hankali ban yafe ba."

Aka ɗage bikin. Wata tara Dokta yana lallashin mahaifiyarsa, yana turo kawunnai, yana kai Kumatu ganin likita duk Laraba. Uwar ta kafe. Ran da ta kwanta da hawan jini 'yan uwa suka ce shi zai kashe ta, Dokta ya sare. Ya zo gidan su Kumatu ya tsaya a bakin ƙofa idonsa jawur, ya ce ya fasa auren, ta yafe masa. Kumatu ta ce ba komai, alhali zuciyarta ta mutu.

Bayan mako uku ta yanke jiki ta faɗi a kicin. A asibiti likita ya ce aman ya kwashe gishirin jininta, saura ƙiris zuciya ta tsaya. Ya kuma ce warkewa sai an ɗauki shekaru, wani lokacin ciwon yakan dawo.

Ranar da aka sallamo ta, wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta ƙare mata kallo ta washe baki.

"Kai, Kumatu! Ciwon nan ya karɓe ki, kin zabge kin yi kyau."

Umma ta miƙe. "Kada a ƙara kiranta da sunan nan a gidana. Tashi ki tafi."

Karo na farko ke nan da aka tare mata, ga shi ya zo bayan aure ya watse, haƙora sun lalace. Ta juya fuska bango tana hawaye, ba ta san ko za ta warke ba.

Iyaye, ku ji tsoron Allah a kan jikin 'ya'yanku. Gorin da kuke kira wasa, yaro shi kaɗai yake jinyarsa, kuma sau da yawa ba ku farga sai ya riga ya ci rabinsa.