Ruwan Bakin Ƙofa

Nedyalka tana gasa tattasai a tsakar gida ɗanta Zdravko ya zo ya tsaya a kanta, yana sosa ƙeya. Ya ce sun samu aiki a Sifaniya, a Deniya, garin nan na bakin teku da tsofaffin Ingila da Jamus suka cika. Shi zai riƙa gyara musu gidaje, matarsa Raina kuma ta kula da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare.

Tsohuwar ko kallon ɗanta ba ta yi ba, surukarta ta zuba wa ido.

"Wato za ki je wanke tsofaffin wasu, ki bar ta gida ta wanke kanta? Sannu, sarauniyar tausayi."

Raina ta haɗiye maganar. Zdravko ne ya ƙulla tafiyar tun da aka rufe masana'antarsu, ita har kuka ta yi a kan kada su je. Amma tana son mijinta, ba za ta haɗa shi da uwarsa ba, sai ta ɗauki laifin.

Ranar tafiya Zdravko ya yi ta kwance igiyar takalmi yana ɗaurewa. A ƙauyen nasu na Bulgeriya ko yaro ba ya fita ranar farko ta makaranta sai uwarsa ta zuba ruwa a bakin ƙofa ya taka, don hanya ta gudana masa. Tukunyar tagullar da ake zuba ruwan da ita tana rataye a ƙusa, Nedyalka kuwa ta naɗe hannu. Da Raina ta ga idon mijinta ya kawo ƙwalla, tausayi ya kwashe ta, ta sauko da tukunyar ta zuba da kanta.

"Har ruwan nawa ma kin ƙwace," in ji tsohuwar, ta shige ɗaki.

Deniya akwai rana, akwai teku, amma gidansu babu daɗi. Mota ta lalace, Zdravko ya ce ruwan nan ne da ba uwarsa ce ta zuba ba. Ya faɗo daga tsani ya karye a hannu, ya ce ruwan nan ne. In ya kira gida, uwarsa na jin muryar Raina sai ta kashe waya. Raina takan yini tana ɗaga wata tsohuwar Bajamushiya tana kwantarwa, ta dawo ta tarar da miji ya juya mata baya. Ranar da ya ce wataƙila gara kowa ya kama gabansa, a banɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗora masa abinci.

Da sanyi ya shiga, maƙwabciya ta bugo cewa Nedyalka ta zame a ƙanƙara, ƙugunta ya karye. Zdravko ga hannu a ɗaure, sai Raina ta haɗa jaka ta tafi ita kaɗai.

Ta sha baƙar magana kam. Miya ta yi gishiri, hannunta ya yi sanyi, wai Jamusawa sun koya mata wanka kamar ana wanke tukunya. Raina dai "to, Mama" kawai take cewa, ta juya ta, ta shafa mata mai, ta kwashe abin da ba a faɗa. Haka har ƙanƙara ta narke, tsohuwar ta fara takawa da sanda.

Safiyar komawarta, Raina ta ji ƙarar tagulla a bayanta. Nedyalka ce ke jan ƙafa, sanda a hannu ɗaya, tukunya a ɗaya, rabin ruwan ya zube mata a siket.

"Kira min wancan sakaran, ya gani da idonsa."

Raina ta kira shi ta bidiyo.

"Na san kai ka shirya tafiyar nan, ni na haife ka," in ji tsohuwar. "Ban iya tsine maka ba ne, shi ya sa na huce a kanta. Taka, 'yata. Kai kuma in ka sake ta, babu ruwanka a tukunyar nan."

Ta zuba, Raina ta taka. A cikin wayar Zdravko ya rufe fuska yana kuka kamar yaro.

Nedyalka ba ta ga wani sanyin ba, ta rasu. Tukunyar yanzu tana rataye a Deniya, kuma har yau Zdravko ba ya iya kallon tukunyar ba tare da ya nemi hannun matarsa ba. Da Raina ta rama ko sau ɗaya, da tsohuwar ta tafi da ruwanta, auren ma ya bi ta. Haƙuri bai dawo mata da kwanakin da ta yi kuka ba, amma shi ya tsare mata gidanta.