Ƙafar Bayan Fijon Habibullah

Motar ba ta kai rabin hanyar Gagarawa ba, wata budurwa da ke zaune a kujerar baya ta ce, "Direba, tsaya ka sauke ni."

Habibullah ya dube ta a madubi. Doguwa ce, wankan tarwaɗa, ta rungume littattafan ɗalibai a ƙirji, fuskarta babu alamar wasa.

"Malama, nan daji ne. Ko wani ya ɓata miki rai?"

"Babu wanda ya ɓata min. Gindin motarka ne yake lilo. Duk ramin da muka faɗa sai ta karkata hagu, kuma ina jin ƙarar ƙarfe a ƙarƙashina."

Fasinjoji suka yi dariya. Shi bai yi ba, don ya kwana biyu yana jin ƙarar yana kawar da kai. Fijo 504 ce da ya gada daga mahaifinsa, ta girme shi da shekara shida, kuma da ita yake riƙe gidansu. Ya roƙe ta ta zauna, ya ƙarasa da su a hankali. Da ta sauka a bakin makarantar firamaren da take koyarwa, sai ta sunkuya ta nuna masa tayar baya.

"Ka ga cikinta ya cinye, wajen yana nan da sauransa? Ƙarfen da ke riƙe ƙafar ne ya gaji, wanda makanikai ke ce wa hannu. Ka canza duka biyun."

"A ina malamar makaranta ta san wannan?"

"Babana direba ne," in ji ta. "Irin motar nan yake ja. A cikinta ya rasu."

Sunanta Ummukulsum. Da ƙyar ya samu lambarta, kuma tun daga ranar saƙo bai yanke tsakaninsu ba.

"Malamata, yau na tsallake rami goma sha ɗaya saboda ke. Ɗalibinki yana jin magana."

"Ɗalibin kirki ba tsallake rami yake yi ba, gyara yake yi. Ka ci abinci, Habibina?"

Wata uku ana haka, sannan ya je gaishe da mahaifiyarta, Inna Rahamatu, a gidansu da ke Gumel. Ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska, har sai da ta leƙa ƙofar gida ta ga motar. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma ciki.

Da ya tafi ta kira 'yarta. "Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kawo min mahaifinki a naɗe cikin tabarma. Hannun ƙafar baya ne ya karye masa a hanyar Sule Tankarkar, daidai inda aka yi masa walda. Ba zan zauna ina jiran a kawo wa 'yata irin wannan tabarmar ba. Yaron yana da ladabi, amma ban yarda ba."

Akwai kuma Abdulfatah, mai shagon kayan mota a Maigatari, wanda ya daɗe yana aiko wa Inna da gaisuwa. Ummukulsum ta sha gaya masa ya yi haƙuri. Shi dai murmushi yake yi ya ce ba ya gaggawa.

Habibullah ya shiga neman hannun orijina. Ya je Haɗeja, ya je Kano, ya aika har Damagaram. Ko'ina amsa ɗaya ce: an daina kawo su tuntuni, wanda ake samu a jikin matattun motoci kuma tsatsa ta ci. Tsohon makanikinsa, Ɗantsoho, ya ce shi dai ba zai yi walda a wannan wuri ba ko da za a ɗaure shi.

Sai ga Abdulfatah ya kira Habibullah da kansa, ya ce an samu guda biyu sababbi fil. Ɗantsoho ya tafi ta'aziyya ƙauye, don haka wani makaniki ya ɗaura su. Habibullah ya tura wa Ummukulsum hotonsu.

"Ummuna, ga su nan, baƙaƙe suna sheƙi. Alhamis zan kai 'yan kasuwa Maigatari, in dawo in sake durƙusa wa Inna."

Ta buɗe hoton ta faɗaɗa shi. A lanƙwasar ƙarfen fentin ya yi kauri, ya ɗan tasa kamar tabon ƙuna. Ya yi mata kama da walda. Ba ta so ta zargi mutum a kan hoto, sai ran Laraba bayan an tashi daga makaranta ta hau mota zuwa Maigatari.

Abdulfatah ya ba ta kujera, ya sa aka kawo lemo. Ba ta sha ba.

"Ƙarfen da ka ba Habibullah, sabo ne ko gyararre?"

Ya ci gaba da goge wani kwalin filogi. "Tsohuwar mota ai haka take, Ummukulsum. Wata rana ta kai, wata rana ba ta kai ba." Ya ɗago ya dube ta. "Ni dai kullum ina nan a shago."

Ta fito ta nufi tasha. Kafin ta iso Gumel, wani direba ya riga ya gaya wa Habibullah an ga malamarsa zaune a shagon Abdulfatah da lemo a gabanta. Ta kira shi sau tara bai ɗauka ba. Saƙo ɗaya ya turo.

"Da kin gaya min kin zaɓa, da ban wahalar da ke ba. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Habibina, ka yi fushi da ni yadda kake so, amma kada ka ɗauki kowa a motar nan gobe. Ƙarfen walda ne aka rufe da fenti. Don Allah ka karanta."

Saƙon bai shiga ba. Ya kashe wayar.

Da safiyar Alhamis Ummukulsum ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta faɗi komai tana kuka. Inna Rahamatu ta saurare ta har ƙarshe. Can ta miƙe ta shiga ɗaki, ta jawo wani buhu mai nauyi daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai ƙarafa biyu naɗe da tsumma mai maiƙo.

"Mahaifinki ya sayo su a Damagaram ana sauran mako ɗaya ya rasu. Ya ce bari a ci kasuwa ɗaya tukuna sannan ya ɗaura." Ta ja mayafinta. "Nemo mana adaidaita."

Sun tarar da Fijon a tasha ta cika, an ɗaure buhunan riɗi a but, injin yana aiki. Inna Rahamatu ta je ta tsaya a gabanta.

"Ɗan nan, kashe motar. Sauke bayin Allahn nan."

Ya fito da sauri ya durƙusa. Bai iya duban Ummukulsum ba.

Ɗantsoho ya riga ya dawo a daren Laraba, aka kira shi. Ya ɗaga motar da jak, ya shiga ƙarƙashi, ya kankare fentin da bakin sukundireba. Walda ta bayyana, kuma tsaga siririya ta riga ta ratsa ta fiye da rabi, a tafiyar kwana biyu kacal cikin gari. Ya fito yana salati a hankali.

"Da kaya irin wannan, ba za ta wuce gadar farko ba."

Wata tsohuwa daga cikin fasinjojin ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Habibullah ya kunna wayarsa, saƙon ya shigo, ya karanta a tsaye. Sai ya juya.

"Ummu, ki yafe min. Na saurari wani ban saurare ki ba."

"Na yafe. Amma ka sake kashe min waya, ba zan zo tasha ba."

Aikin ya ci wuni guda. Ɗantsoho ya sauke tsofaffin, ya wanke na marigayin da kananzir, ya sa musu sababbin robobi. Bai ƙarasa ɗaure notunan ba sai da ya sauke motar ta tsaya da nauyinta, sannan ya ja zare daga tayar gaba zuwa ta baya ya ga sun daidaita. Shugabannin tasha suka ɗauki ƙarfen waldar suka tafi da shi Maigatari. Ba a yi mako biyu ba shagon Abdulfatah ya kasance a rufe.

A ranar da aka yi gyaran, da la'asar, Inna Rahamatu ta buɗe ƙofar gaba ta shiga ta zauna. Rabonta da irin motar tun ranar rasuwar.

"Kai ni Sule Tankarkar," ta ce wa Habibullah. "Kawunta Sha'aibu ne waliyyinta. Gara ya ji daga bakina cewa na yarda."

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Da aka zo ɗaukar amarya, motoci sababbi sun yi layi, amma Inna ta kama hannun 'yarta ta kai ta ga Habibullah da kanta.

"Ga ta nan. In ta ce maka tsaya, ka tsaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya dawo min da ku lafiya duk inda kuka je."

Suka amsa tare, murya ƙasa-ƙasa, "Amin, Inna."