Kyanwa a Cikin Turmi

Can da, a wani ƙauye, an yi wata tsohuwa mai zama da ɗanta maharbi da karnukansa. Wata rana ta dawo daga gona a gajiye, ta tarar da karnukan sun kewaye turminta suna haushi. Da ta leƙa, sai ga wata ramammiyar kyanwa ta ɓuya a ciki.

Ba ta da ƙarfin korar karnuka. Sai ta rufe turmin da faifai, ta zauna a kai.

Ɗanta ya ce, "Inna, ai ba a zama a kan turmi."

Ta ce, "Na gaji."

Ya kawo tabarma, ta ce ta gaji. Ya kawo tuwo, ta ce, "Na gaji. Kai wa karnukanka can ƙofar gida, ka jawo ƙyaure."

Da gida ya yi tsit, ta ɗaga faifan. Kyanwar ta fito, ta kwanta a kan ƙafafunta, sai barci.

Tsohuwa ta dubi tabarma, ta dubi kyanwa. Ta ce, "To, ke fara hutawa. Kin fi ni gajiya."