Hanyar da Maidaji Ya Zaɓa

"Kowa ya kwanta! Kwanta na ce!"

Kowan nan mutum ɗaya ce. Hajiya Fasuma, mai ofishin kargo a hawa na tara a unguwar Xiaobei, can ƙasar China, tana shan shayinta na hantsi. Ta dubi bindigar, ta dubi mai riƙe da ita, ta ajiye kofin a hankali.

"Da wannan gwiwar tawa? Ɗan nan, in na kwanta wa zai tashe ni?"

Maidaji, ogan tawagar, ya gyara takunkumin fuskarsa. Bai shirya wa tambaya ba. Yaronsa Zayyad ya faɗa ƙarƙashin tebur, ya finciko baƙar jaka cike da sababbin wayoyi masu tsada.

"Oga, ga ta!"

"Muryar nan ta Fagge ce," in ji Hajiya. "Ɗan gidan wa ne kai?"

Ba su tsaya gaisuwa ba. Matakala... ƙofar baya... mota!

Ghali ne a sitiyari. Shi ba ɗan fashi ba ne, in ji shi. Karatun injiniya ya zo yi a Tianhe, karatun ya gagara, shekara biyu ke nan yana ɓoye wa mahaifiyarsa. Tana can Kano tana faɗa wa maƙwabta ɗanta zai dawo ranar Lahadi da digiri. Ya sayi tikiti, kuɗin riƙewa a hannu ne babu. Hajiya Fasuma ƙawar mahaifiyar tasa ce, tuwonta ya sha ci, kuma shi ya ba su labarin jakar. Wannan ya tsaya masa a rai.

Shirin mai sauƙi ne. Akwai wani dutse can arewa da gari, da 'yar hanyar ƙafa da ke tsallaka shi. A ɗaya gefen sun ajiye wata mota tun makon jiya. Su isa gindin dutsen, su yar da wannan, su haura. Hanyar zuwa ce kawai ba su daidaita a kai ba.

"Babban titi," in ji Ghali. "Awa ɗaya da rabi. Kuma yau hutu ne, ƙananan motoci ba sa biyan kuɗin get."

"Kyamara fa? Kowace sanda da ido!" in ji Maidaji.

"To ta bakin kogi."

"Gada ɗaya ce. A tare ta, an gama da mu. Ta ƙauye za mu bi."

"Oga, awa uku ce, ga hawa, ga birkin hannun motar nan ba ya ci."

"Kai, ni daji aka haife ni! Makon jiya da muka bi, me muka gani?"

"Kare ɗaya," in ji Zayyad, "da wata tsohuwa da agwaginta."

"To ka ji. Karya kwana, injiniya."

Ghali ya karya. A cikinsu babu wanda ya tambayi hutun mene ne ake yi. Ghali dai an taɓa koya musu a ajin al'adun China, amma ranar barci ya yi a bencin baya.

A Xiaobei, Sufeto Liang ya iso ransa a ɓace, don an hana shi hutu. Hajiya ta tare shi da Sinancinta na kasuwa. Da kalmomi suka ƙare, ta miƙa masa wayarta. Kamar kowace 'yar kargo mai hankali, ta ɗinke 'yar na'urar bibiya a cikin jakar. Ga ɗigo nan yana tafiya a taswira.

Sufeto ya ƙura ido. Ya ƙara matso da wayar. Sai ya fashe da dariya har da dafa bango.

"Yau? Wannan hanyar?"

"Lawban," in ji Hajiya, wato oga da Sinanci, "dariya kake ana gudu da kayan mutane?"

"Ba sa gudu, Mama," ya ce. "Sha shayinki." Ya sauka ya ari babur.

Awa biyu tafiya ta yi daɗi. Gonakin 'ya'yan itace, iska mai sanyi, Zayyad har da waƙa. Suna shan wata kwana a kan hawa, Ghali ya taka birki.

Ƙiiii!

Motoci. Motoci har iyakar ganin ido. Da aka ɗan jima bayansu ma ya cika. Jama'a sun fito da ƙafa, yara da tsofaffi, da tsintsiya, da fartanya, da furanni, da kwandunan lemo.

"Zanga-zanga ce?" in ji Zayyad.

Ghali ya dafe kai. "Innalillahi! Cinmin!"

"Cin me?"

"Sunan ranar ke nan, oga. Ranar sharar kabari. Kowane gida yau yake zuwa gyara kabarin kakanninsa. Kakannin kuwa duk a kan dutse suke."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Yanzu ya faɗo min!"

Wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi, ta miƙo musu lemo uku tana murmushi. Zayyad ya karɓa da hannu biyu, har da "shishe", wato na gode da Sinanci. Ɗan fashi ne, amma an yi masa tarbiyya.

Maidaji ya rataya jakar. "Bari in kama ruwa."

"Da jaka, oga?"

"Kai na bar wa?"

Ya fita, bai waiwayo ba. Dabararsa ita ce ya saje da jama'a. Mutum ne baƙi, dogo kamar falwaya, a tsakiyar Sinawa ɗari biyar. Wani dattijo da kafaɗarsa ta gaji ya gan shi, ya ga ƙarfi, ya ɗora masa bakin sandar da suke ɗauke da ita. Maidaji ya waiga. Gasasshen alade ne sukutum, an ɗaura masa jan ƙyalle.

"A'uzubillahi," ya ce a hankali. Amma bai ajiye ba.

A gindin dutsen an gindaya tebur. Masu gadin daji ne, suna karɓe ashana da leta don gudun gobara. Ɗaya ya shafa ƙugun Maidaji, ya zaro bindigar. Jama'a suka watse da ihu! Mai gadin ya juya ta, ya duba, ya ja kunamar.

Ƙyas! Ɗan harshen wuta ya fito a bakinta.

Leta ce. Ya jefa ta a kwando tare da sauran.

Ana cikin dariya babur ya tsaya. Sufeto Liang ya sauko, ya dafa jakar. Tun kafin a tambaye shi komai Maidaji ya nuna gangare.

"Biyu suna can! Farar mota! Direban ne ya kitsa komai!"

Zayyad ya hango su tafe. "Guduwa, mutumina!" Ya ɓalle ƙofa, ya tsallake kwata, ya dira a gonar shinkafa. Caɓal! Laka har cinya. Manoma biyu ne suka ciro shi, babu takalmi ko ɗaya.

Ghali ma ya buɗe tasa ƙofar. Ta gefensa daji ne, taku goma kawai zai yi ya ɓace. Yana sassauta ƙafa daga birki motar ta fara silalowa baya. Ya dubi madubi. Yara uku ne zaune a ƙasa daf da tayarsa, suna ɓare lemo.

Ya mayar da ƙafar. Ya yi ihu su tashi, hayaniya ta cinye muryar. Haka ya zauna yana danne da birki, yana kallon Sufeto na gangarowa a hankali. Sai da aka sa wa tayoyin duwatsu sannan ya miƙa hannu aka sa masa ankwa.

Maidaji ya samu shekara goma sha biyu, Zayyad goma. Ghali shida, don Sufeto ya faɗa wa kotu abin da ya gani. Wayoyin sun koma wurin masu su, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Hajiya Fasuma ta je ganin Ghali a kurkuku kafin ta tashi zuwa Kano. Ya kasa ɗaga ido.

"Hajiya, ki yafe min."

"Wannan na yafe tun a hanya. Sakarcin ne ban yafe ba."

"Don Allah in kin ga Umma, ki ce an ƙara mana karatu."

"Karatun shekara shida? Tun ranar Lahadin nan take kirana, Ghali. Ta yi girki ta je filin jirgi, sai da aka kashe fitilu ta koma gida. Ni ba na yi wa uwa ƙarya."

Ya fashe da kuka, kuka irin na yara.

Hajiya ta gyara mayafinta, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Zan faɗa mata abin da ka yi min," ta ce. "Zan kuma faɗa mata ba ka ɗage ƙafarka daga birkin ba. In ta gama kuka, da wannan za ta zauna."