Mai Amshin Kawu Estill

Rana ta kusa faɗuwa na gama rabon wasiƙu a kwarinmu na Kentucky, sai wani baƙo ya tare motata, rungume da na'urar ɗaukar murya. Ya ce sunansa Feldman, daga New York, tsofaffin waƙoƙi yake tarawa. An ce masa akwai wani Estill Napier mai kaɗa banjo, wani irin molo.

Na ƙare masa kallo. Takalminsa ko laka babu.

"Kai ɗan haraji ne, ko kamfanin kwal ya turo ka?"

Ya rantse, na ɗauke shi.

Kawu Estill tsohon mahaƙin kwal ne. Tun da rami ya rufta da ƙaninsa Dewey ba a sake jin waƙar Kawu ba. A baranda muka same shi, yana tari.

"Delphia, wa kika kwaso min?"

"Mai son waƙa ne, Kawu."

"Ya dai ɗauki tawa. Ban da ta mai amshi."

Feldman ya yi dariya, ya kunna na'ura.

Kawu ya kaɗa, ya saki murya siririya mai tsinka zuciya. Feldman ya daskare, idonsa ya kawo ruwa.

"A ce duniya ba ta san mutumin nan ba!" ya raɗa min.

A baiti na biyu wata murya ta amsa. Mai kauri, kamar baki cike da ƙasa.

Daga ƙarƙashin katakon barandar da muke zaune a kai.

Warin jiƙaƙƙen kwal ya taso.

"Wasa kuke min da hankali," in ji Feldman. "Wa kuka ɓoye?"

Ya sauka, ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin barandar.

Kawu ya ɗauke hannu daga tsirkiya. Banjo bai yi shiru ba.

"Dewey, bari!" ya ce a hankali. "Baƙo ne."

Na ga ƙafafun Feldman suna shigewa ciki. Na cafke idon sawunsa, na ja. Aka ja. Na tokare da matakala, na fizga da duk ƙarfina.

Ya fito baƙi ƙirin, da sawun yatsu a wuyansa.

Ko na'urar bai waiwaya ba.

Shekara na zagayowa ya aiko min da kati: likitoci sun ce huhunsa cike yake da ƙurar kwal, irin na wanda ya tsufa a rami. Tun daga nan, duk baƙon da ya tambaye ni mawaƙi, cewa nake a kwarinmu ba mai waƙa.