Zanin Ƙasan Akwati

A garin Haɗejiya akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ta iya riƙe allura, amma tana da son a ce ita ce ta fi kowa. Ita ce 'yar fari a gidansu, don haka mahaifiyarta Saude ba ta kiran sunanta. "Ke" kawai take ce mata.

A wannan shekarar damina ta yi nauyi. Kogi ya cika ya batse. Ya shanye gonakin shinkafa, ya shiga ƙauyuka. Mutanen wajen Baturiya suka taso da tabarmi da tukwane a ka. Aka sauke su a wata makaranta a bakin gari. Mazan unguwa kuwa kullum suna bakin jinga, suna jera buhunan yashi. Har da baban yarinyar.

Wata safiya Malama Rifkatu, mai koya musu ɗinki, ta shigo aji ba fara'a.

"Jiya na je wurin waɗanda ruwa ya kora," in ji ta. "Na ga jarirai kwance a kan buhu. Ƙasa danshi, ga sanyi, ga sauro. Wasu ko abin rufa ba su da shi."



"Malama, me za mu yi?" in ji Umaima, wadda ke zama kusa da yarinyar.

"Kowacce ta je wurin telan unguwarsu, ta roƙi ƙyallayen da ya zubar. Za mu wanke su, mu haɗa, mu sa tsohon zanin gado a ciki. Kowacce ta ɗinka ɗan bargo guda."

Da aka tashi, yarinyar ta tsaya wasa a hanya. Kafin ta isa shagon tela Baƙo, an riga ta.

"Kin makara, 'yata," in ji Baƙo. "Umaima ta kwashe masu kyan. Ga dai abin da ya rage."

Ya miƙo mata leda. Daga baƙi sai ruwan ƙasa, sai guntun kaki.

Washegari Umaima ta baza ƙyallayenta a kan tebur. Ja da kore da ruwan ɗorawa. Kowa ya ce, "Kai, wannan bargo zai yi kyau!" Ba wanda ya dubi na yarinyar. Abin ya tsaya mata a rai.

Da yamma Saude ta ɗauki kwanon tuwo za ta kai wa 'yan gudun ruwa.

"Ke, kula da gida," in ji ta.

Tana fita, yarinyar ta shiga ɗaki ta jawo akwatin mahaifiyarta. Ta ce wa kanta tsumma kawai za ta nema. Can ƙasa ta ga wani zanin atamfa shuɗi mai fararen furanni. An ninke shi da kyau, yana ƙamshin turare.

"Ai Umma ba ta ɗaura shi," ta ce a ranta. "In na tambaya, hana ni za ta yi."

Ta ɗauko almakashi. Ta yanki kaɗan a gefe. Ta ga bai isa ba, ta ƙara. Ta bi furannin tana cirewa har tsakiyar zanin. Sannan ta ninke abin da ya rage, ta mayar ƙasan akwati.

A aji, bargonta ya fara haɗuwa. Shuɗin ya haska baƙaƙen ƙyallayen. Yara suka zagaye ta. Har Umaima ta ce nata bai kai ba.

"Ina kika samo wannan atamfa?" in ji Malama Rifkatu.

"Umma ce ta ba ni," in ji yarinyar. Ba ta ɗago kai ba.

Bayan 'yan kwanaki rana ta leƙo. Danshi ya sa kaya sun fara fumfuna, sai Saude ta fito da akwati tsakar gida don ta shanya. Yarinyar tana wanke-wanke. Ta ɗago kai tana kallon akwatin.

Saude ta ɗauko shuɗin zanin ta ware. Haske ya ratso ta ramukan. Ta tsaya riƙe da shi, ba ta motsa ba. Can ta zauna a kan turmi.

"Ke. Zo nan."

Yarinyar ta zo ta durƙusa.

"Ke kika yi?"

"Ni ce, Umma. Na jarirai ne. Malama ta ce..."

"Malama ta ce ki buɗe mini akwati?"

"A'a."

"Kin san zanin wane ne wannan?"

Sai a lokacin yarinyar ta dube shi da kyau. Ta tuna ƙaninta Abba, wanda zazzaɓi ya ɗauke a daminar bara, tun bai fara tafiya ba. Ta tuna ɗan kansa yana leƙowa ta saman fararen furannin nan.

"Da shi nake goya shi," in ji Saude a hankali. "Da shi na kai shi asibiti. Da shi na dawo, ba kowa a bayana."

Ba ta dake ta ba. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ninke zanin, ta shiga ɗaki, ta saki labule. Yarinyar ta ji da ma dukanta aka yi.

Ranar ba a yi hira a gidan ba. Baban ya dawo daga jinga jiƙe da laka. Ya ji labari, ya dubi 'yarsa, ya girgiza kai kawai.

Da safe yarinyar ta sami Malama Rifkatu kafin a shiga aji. Ta faɗa mata gaskiya tana kuka.



"Kin ɗauki abin da ba naki ba, kin kuma yi mini ƙarya," in ji Malama. "Wannan bargon ba zai bi mu ba. Ba a sadaka da kayan wani. Ki mayar wa mai shi."

"Malama, ai saura baki kawai in ɗinke."

"Ko an gama, ba naki ba ne. Amma za ki bi mu, ki gani da idonki."

Ranar rabo, kowacce yarinya ta rungumi bargonta. 'Yar Saude ce kaɗai ba ta riƙe da komai. Ana yayyafi. A makarantar, an jingine bencuna a bango, iyalai sun cika azuzuwa. Hayaƙin ɗanyen ice ya cika wurin. Jarirai sai kuka.

Aka yi ta miƙawa, iyaye suna sa albarka. Barguna suka ƙare. A ƙuryar ajin ƙarshe akwai wata mata mai suna Ummussalma. Jaririyarta tana kwance a kan kwali, an rufe ta da ɗankwali. Tana tari ƙasa-ƙasa.

"Babu saura ko?" in ji Ummussalma.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji Malama Rifkatu. "Ɗaya bai samu ba."

"Ba komai. Allah ya saka muku."

Ta ja ɗankwalin don ta rufe ƙafar jaririyar, sai ƙirjin ya buɗe. Yarinyar ta kau da kai. Da ta haƙura da baƙaƙen ƙyallayen Baƙo, da yanzu jaririyar tana cikin ɗumi.

Da ta koma gida, ta fito da bargon daga jakarta. Ta sami mahaifiyarta tana tsince shinkafa. Ta durƙusa, ta ajiye shi a gabanta.

"Umma, ga shi. Naki ne. Ki yafe mini. Ba don jarirai na yanka ba. So nake a ce nawa ya fi na Umaima."

Saude ta ajiye faifai. Ta shafa shuɗin da ke jikin bargon.

"Kun kai sauran?"

"Mun kai. Wata ba ta samu ba. Tari take yi, Umma. A kan kwali take kwance."

"Watanta nawa?"

"Ƙarama ce. Ko zama ba ta fara ba."

Saude ta daɗe tana kallon bargon. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Wannan ɗinkin gefen ya yi sako-sako," in ji ta. "Iska za ta shiga. Ɗauko mini allura da zare. Ki ɗauko sauran zanin ma, mu ninka a ciki ya ƙara kauri."

"Umma, zanin Abba fa?"

"Da kin tambaye ni, wataƙila da na hana. Wataƙila kuma da na bayar da hannuna. Abin da ya yi mini ciwo, ba ki ba ni damar zaɓa ba. Yanzu ni na bayar. Allah ya kai ladan kabarinsa."

Suka zauna a kan tabarma ɗaya. Uwa tana ɗinka gefe, 'ya tana ɗinka gefe.

Washegari suka tafi wurin Ummussalma tare. Saude ta ɗauki jaririyar da kanta, ta naɗe ta a cikin bargon. Ta tambayi sunanta, aka ce Aziza. Ta ce wa Ummussalma ta tashi su je asibiti a duba tarin, ita za ta raka ta. A hanya Aziza ta yi barci a kafaɗar Saude.

Tarin ya warke. Da ruwa ya janye, Ummussalma ta biyo ta gidan ta yi sallama kafin su koma ƙauye. Ranar yarinyar ta ga mahaifiyarta tana dariya da Aziza a cinya.

Tun daga nan, ko zare yarinyar za ta ɗauka, sai ta ce, "Umma, in ɗauka?"

Yara, taimakon mabukata abu ne mai kyau. Amma ku yi shi da abin da yake naku, ko wanda kuka nemi izini aka ba ku. Kada ku yi alheri don a yaba muku. Ƙyallen da kuka samu ta hanyar gaskiya, ko baƙi ne, zai hana jariri jin sanyi.